Duniya Ba Matabbata Ba: Rashi, Soyayya da Gushewar Al'amura a Adabin Jafan

1.0 Gabatarwa

Babu al'ummar da ba ta san mutuwa da rabuwa ba, sai dai kowace da irin yadda take magana a kansu. Mai nazarin adabin Hausa ya saba da waƙoƙin wa'azi da na marsiyya, inda ake tunatar da mutum cewa duniya ba matabbata ba ce. Abin da watakila bai saba da shi ba shi ne, akwai wata al'umma can gabas mai nisa, watau Jafanawa, wadda ta shafe fiye da shekara 1,000 tana juya wannan magana a cikin waƙoƙinta da labaranta, har ta zama ginshiƙin adabin nata. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan jigo tun daga ƙarni na 10 zuwa na 20, don a ga abin da marubutan ƙasar suka gano game da rashin wanda ake ƙauna, da soyayya, da gushewar al'amura.

Tambayar da ke ƙarƙashin nazarin ita ce: idan mutum ya tabbata cewa duk abin da ke hannunsa mai tafiya ne, me ya kamata ya yi da wannan sani? Ya janye zuciyarsa tun da wuri don kada ta ƙuna, ko kuwa ya ƙara riƙon abin da kyau kafin ya kuɓuce? Za a ga cewa marubutan ba su ba da amsa iri ɗaya ba, kuma daga saɓanin nasu ne mai karatu zai fi ƙaruwa.

2.0 Kalmomi Biyu Masu Muhimmanci

Kafin a shiga cikin littattafan, ya kamata a fayyace kalmomi biyu. Ta farko ita ce mujo, wadda ma'anarta ita ce rashin dawwama. Ta shigo ne tare da addinin Buda, wanda ya iso Jafan ta hanyar Koriya a ƙarni na 6. A koyarwar wannan addini, duk wani abu da ya samu to mai sakewa ne, mai ƙarewa ne, kuma wahalar ɗan Adam tana tasowa ne daga maƙale wa abin da ba zai tsaya ba. Bisa ga haka, maganin wahalar shi ne sakin duniya.

Kalma ta biyu ita ce mono no aware. Asalin aware wani furuci ne da ke fita daga baki sa'ad da abu ya taɓa zuciya, kusan kamar yadda Bahaushe yake cewa ayya ko kaico. Daga baya ta ɗauki ma'anar wannan taushin zuciya da ke samun mutum idan ya ga abu mai kyau, kuma ya san ba zai daɗe ba. Masanin da ya fi kowa fito da wannan kalma fili shi ne Motoori Norinaga (1730 zuwa 1801), wani likita kuma malamin harshe a garin Matsusaka. A zamaninsa malamai sukan karanta tsofaffin labarai su ce wa'azi ne a sakaye, ko gargaɗi ne kan aikata alfasha. Norinaga ya ƙi yarda da haka. A ganinsa aikin adabi shi ne ya koya wa zuciya yadda za ta motsa a inda ya dace ta motsa, kuma mutumin da ya ga abin tausayi bai ji komai ba, to ilminsa bai amfane shi ba.

Wannan matsayi na Norinaga gargaɗi ne ga duk mai neman darasi a cikin adabin nan. Ba safai marubutan suke cewa yi kaza, bari kaza ba. Abin da suke yi shi ne su ajiye mai karatu a gaban wani al'amari, su bar shi ya duba da kyau. Har ila yau, akwai ɗan ja-in-ja tsakanin kalmomin biyu. Ta farko tana kira ga sakin duniya, ta biyu kuwa tana nuna cewa gushewar abu ita ke ƙara masa daraja a zuciya. Yawancin manyan ayyukan da za a duba suna tsaye ne a tsakanin waɗannan kira biyu.

Alamar da ta fi shahara a wannan fage ita ce furen itacen sakura. Yakan buɗe a ƙarshen sanyi, ya rufe itacen da fari mai ratsin ja-ja, amma cikin mako ɗaya ko biyu iska ta kakkaɓe shi. Wani mai zuhudu da ake kira Kenko, a littafinsa Tsurezuregusa na wajen 1330, ya kafa hujja da cewa da a ce mutum ba ya mutuwa, da babu abin da zai taɓa ransa. Ya kuma soki masu son kallon fure sai yana kan ganiyarsa kawai, alhali reshen da bai buɗe ba, da filin da furen ya zube a kai, su ma suna da abin gani.

3.0 Soyayya a Fadar Heian

Daga shekarar 794 babban birnin Jafan shi ne Heian, wanda yau ake kira Kyoto. A fadar wannan birni maza masu ilmi sukan rubuta al'amuran mulki da Sinanci, su kuwa mata sukan yi rubutu da harshen gida ta amfani da baƙaƙen kana. Mai karatu zai iya tuna matsayin Larabci da ajami a ƙasar Hausa. Abin sha'awa shi ne, daga wannan rubutu na gida ne mafi ƙwarin adabin zamanin ya fito.

A wajen shekarar 905 aka tattara kundin waƙoƙi na Kokinshu bisa umarnin sarki, mai ɗauke da waƙoƙi kimanin 1,100. Kusan dukkansu gajeru ne, masu gaɓa 31 da aka raba ɗango biyar: 5, 7, 5, 7, 7. Daga cikin juzu'i 20 na kundin, biyar na soyayya ne, kuma tsarin da aka jera su da shi ya isa abin nazari. An fara da waƙoƙin wanda ya ji labarin wata bai ko gan ta ba, sannan na bege, sannan na saduwa, sannan na jiran wanda ya fara jinkirin zuwa, aka rufe da na wanda aka manta da shi. Watau masu kundin sun ɗauki soyayya kamar shekara mai yanayi daban-daban, wadda farkonta yake ɗauke da ƙarshenta. Waƙoƙin murnar saduwa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na jira da na tunawa.

Bayan kamar shekara 100 sai wata mata mai hidima a fada, wadda aka sani da Murasaki Shikibu, ta rubuta Genji Monogatari, watau Labarin Genji. Mijinta ya rasu a 1001 bayan ɗan gajeren zaman aure, ya bar ta da 'ya ɗaya, kuma littafin ajiyar tarihinta ya nuna cewa a 1008 an riga an san labarin a fada. Littafin yana da babi 54 da waƙoƙi kusan 800, kuma masana da yawa suna lissafa shi a cikin ƙagaggun labarai mafi daɗewa a duniya. Arthur Waley ya fassara shi zuwa Ingilishi tsakanin 1925 da 1933.

Genji ɗan sarki ne, kyakkyawa, gwanin waƙa da kiɗa, wanda mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku. Wannan rashi na farko shi ya tuƙa rayuwarsa duka. Ya kamu da son Fujitsubo, matar mahaifinsa, saboda an ce tana kama da mahaifiyarsa, har suka sami ɗa a ɓoye. Daga nan ya ɗauko wata yarinya, Murasaki, 'yar ɗan'uwan Fujitsubo, saboda ita ma tana kama da ita, ya rene ta, daga baya ya aure ta. Ke nan duk matar da ya so, yana neman wata ce a fuskarta. Da girma ya zo masa, sai wani saurayi mai suna Kashiwagi ya yi wa amaryarsa ciki, aka haifi ɗa da duniya ta ɗauka na Genji ne. Sa'ad da ya rungumi jaririn sai ya tuna abin da ya yi wa mahaifinsa, ya kuma fara tunanin ko tsohon ya sani ya yi shiru ne kawai. Abin da ya shuka shi ya girba, amma marubuciyar ba ta tsaya yi masa faɗa ba, ta bar mai karatu ya ji nauyin da kansa.

Wurin da littafin ya fi taɓa zuciya shi ne mutuwar Murasaki a babi na 40. Ta daɗe tana roƙon Genji ya bar ta ta shiga zuhudu, yana hana ta don ba ya iya rabuwa da ita. Sai bayan ta tafi ya gane irin baƙin cikin da ta haɗiye saboda yawace-yawacensa. Babi na 41 ya bi shi wata bayan wata har shekara ta zagayo, kowane yanayi yana tuna masa da ita, daga ƙarshe ya sa aka ƙone wasiƙunta. Abin da ya biyo baya wani kan babi ne mai ma'anar ɓuya a cikin gajimare, ba tare da ko kalma ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Da labarin ya ci gaba, Genji ya riga ya mutu. Masana sun yi saɓani kan ko marubuciyar ce ta bar wurin fayau da gangan, amma masu karatu na ƙarnuka da yawa sun karɓi wannan shiru a matsayin ta'aziyyar da ta fi dacewa da shi.

Darasin da ke nan a fili yake. Wanda yake son mutum don ya cike masa gurbin wani, ba zai ga wanda ke gabansa ba sai ranar da ya rasa shi. Sanin darajar abokin zama yana da lokacinsa, kuma lokacin yana wucewa.

4.0 Rushewar Birni da Rushewar Mulki

A ƙarshen ƙarni na 12 zaman lafiyar fada ya ƙare. Kamo no Chomei, mawaƙi kuma ɗan gidan masu kula da wani babban wurin bauta a Kyoto, ya ga abin da ya faru da idonsa, ya rubuta shi a ɗan ƙaramin littafinsa Hojoki a 1212. Ya fara da kwatanta mutane da gidajensu da ruwan kogi da kumfar da ke bisansa, sannan ya jero masifu biyar: gobarar 1177 wadda ya ce ta cinye sulusin birnin, da guguwar 1180, da ƙaurar da babban birni zuwa Fukuhara a wannan shekara, da yunwar 1181 zuwa 1182, da girgizar ƙasa ta 1185. Ya ba da labarin wani malamin addinin Buda da ya bi tituna yana ƙidaya gawawwaki a lokacin yunwar, ya sami fiye da 42,300 cikin wata biyu a wani sashe na birnin kaɗai.

Abubuwa biyu da Chomei ya lura da su sun fi ƙididdigar nauyi. Na farko, a lokacin yunwar, tsakanin miji da mata wanda ya fi son ɗan'uwansa shi yake riga mutuwa, domin ɗan abincin da aka samu yakan miƙa wa ɗayan. Haka nan iyaye sukan riga 'ya'yansu. Na biyu, bayan girgizar ƙasa kowa ya dinga maganar banzar duniya, zukata suka yi laushi, amma da watanni suka shuɗe sai ba mai ko tayar da zancen. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya ga yadda ake komawa rigimar gado bayan sadakar bakwai zai gane abin da yake nufi.

Shi kansa Chomei ya rasa muƙamin da yake sa rai na gidansu. Yana da shekara kamar 50 ya shiga zuhudu, daga baya ya gina wata bukka a dutsen Hino, mai faɗin ƙafa goma a kowane gefe, wadda ake iya kwancewa a ɗora a amalanke biyu. Ya yi bayanin daɗin wannan zama: ba ya tsoron gobara ko ɓarawo, ba ya fadanci ga kowa. Mai karatu zai zaci a nan littafin zai ƙare, da nasarar mai gudun duniya. Amma a shafin ƙarshe sai ya juyo kan kansa ya tambaya: ashe son da yake yi wa bukkar nan da wannan shiru, ba shi ma maƙale wa duniya ba ne? Bai sami amsa ba, ya ambaci sunan Buda sau biyu ko uku ya ajiye alƙalami. Gaskiyar da ya faɗa wa kansa ita ta ɗaukaka littafin. Mutum yana iya rage kayansa har su koma cikin bukka ɗaya, amma zuciya sai ta sami abin da za ta riƙe.

Wannan zamani ne kuma ya haifar da Heike Monogatari, labarin yaƙin da aka gwabza daga 1180 zuwa 1185 tsakanin gidan Taira da gidan Minamoto. Makafi ne suke rera shi gari-gari da wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira biwa, kuma nassin da ya fi shahara shi ne wanda makaho Kakuichi ya sa aka rubuta a 1371. Labarin ya bi Taira no Kiyomori, wanda ya haye har ya ɗora jikansa a gadon sarauta, ya mutu a 1181, gidansa kuma ya tarwatse a yaƙin teku na Dan no Ura a 1185. A ranar ce kakar yaron sarki Antoku, ɗan shekara shida, ta rungume shi ta faɗa teku da shi. Hausawa sukan ce duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya.

Abin lura shi ne, labarin ya fi jin tausayin waɗanda aka ci da yaƙi. A yaƙin Ichi no Tani na 1184, wani barde mai suna Kumagai ya kayar da wani mahayi, ya cire masa kwalkwali, sai ya ga yaro ne tsaran ɗansa. Ya so ya sake shi, amma ga dakarun ɓangarensa sun taso, ya san in bai kashe shi ba wani zai kashe. Ya kashe shi yana kuka, sannan ya tarar da sarewa a jikinsa, ya gane shi ne mai busar da suka jiyo daga sansanin abokan gaba da asuba. Labarin ya ce wannan ne ya karkata zuciyarsa ga zuhudu. Ta haka mai sauraro yake koyon cewa mai nasara ma yana da abin da ya rasa.

5.0 Rashin Ɗa

Babu inda koyarwar rashin dawwama take gamuwa da jarrabawa kamar a bakin kabarin yaro. Ki no Tsurayuki, babban mai tattara Kokinshu, ya yi gwamna a lardin Tosa, inda 'yarsa ƙarama ta rasu. A wajen 935 ya rubuta labarin komawarsa Kyoto, tafiyar kwana 55, yawancinta a jirgin ruwa, amma ya sa maganar a bakin mace, domin a lokacin ba a san babban ma'aikaci da rubuta irin wannan da harshen gida ba. Ana cikin zancen iska da tsoron 'yan fashin teku sai tunanin yarinyar ya ɓullo. Da suka isa gida suka tarar ya lalace, ga ƙananan itatuwa sun tsiro a farfajiya, wadda aka haifa a gidan kuwa ba ta dawo ba.

Bayan kusan shekara 900 sai ga Kobayashi Issa, ɗaya daga manyan mawaƙan haiku, watau waƙa mai gaɓa 17 da ake rabawa 5, 7, 5. An haife shi a 1763, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, bai yi aure ba sai a 1814 yana da shekara fiye da 50. 'Ya'ya huɗu da matarsa Kiku ta haifa masa duk sun mutu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1823. A littafinsa Oraga Haru ya bayyana 'yarsa Sato, yadda take dariya da tafa hannu, da yadda agana ta kama ta ta kashe ta a 1819 tana da shekara ɗaya. Issa mai riƙo da addininsa ne, ya san an koya masa cewa rayuwa kamar raɓa take. A waƙar da ya yi wa yarinyar ya amsa wannan koyarwa, bai musa ba, amma ya rufe waƙar da wata 'yar kalma ta togiya wadda ke nuna cewa zuciyar uba ba ta sallama ba, ya kuma bar maganar a rataye.

Wannan shi ne watakila darasi mafi amfani a adabin duka. Sanin gaskiya da kai daban, saukarta cikin zuciya daban. Mai baƙin ciki da ya ci gaba da jin zafi bayan an yi masa nasiha bai zama marar imani ko marar hankali ba. Mai zuwa ta'aziyya kuma ya kamata ya san cewa kalmar haƙuri tana da amfani, amma ba ta rufe rauni a rana ɗaya.

6.0 Marubutan Ƙarni na 20

Jigon bai mutu da shigowar zamani ba. Kawabata Yasunari, Bajafane na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1968, ya rasa uwa da uba kafin ya cika shekara huɗu, sannan kakarsa, da 'yar'uwarsa, da kakansa a 1914. A littafinsa Yukiguni, watau Ƙasar Dusar Ƙanƙara, wanda ya kammala a 1948, wani mai hali daga Tokyo, Shimamura, yakan ziyarci wata mata mai suna Komako a wani ƙauyen duwatsu. Ita tana son sa da gaske, tana koyon kiɗa ita kaɗai, tana rubuta tarihin kwanakinta. Shi kuwa yana kallon duk wannan a matsayin wahalar banza, ko da yake yana ganin kyansa. Sannu a hankali mai karatu yake gane cewa rayuwar Komako ce mai ɗumi, tasa kuwa fanko ce. Wanda ya tsaya nesa don kada ya yi rashi, ya riga ya yi rashin tun bai fara ba.

Oe Kenzaburo, wanda ya sami Nobel a 1994 ya kuma rasu a 2023, ya ɗauki wata hanya. An haifa masa ɗa, Hikari, a 1963 da naƙasa a ƙwaƙwalwa. A 1964 ya fitar da labarin wani matashi mai mafarkin tafiya Afirka, wanda aka haifa wa irin wannan jariri, ya yi ta neman hanyar da yaron zai mutu ya huta, daga bisani ya dawo ya ɗauki nauyinsa. A rayuwa ta zahiri Hikari ya girma ya zama mai tsara kiɗa. A nan amsar gushewar duniya ita ce ɗaukar amana.

Tsofaffin littattafan ma ba su daina aiki ba. Marubuci Hotta Yoshie, wanda ya ga yadda aka ƙone Tokyo da bama-bamai a watan Maris na 1945, ya rubuta littafi a kan Hojoki a 1971 yana gwama abin da ya gani da abin da Chomei ya gani. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011, inda fiye da mutum 18,000 suka mutu ko suka ɓace, mutane sun sake komawa ga wannan ɗan littafi, wanda ya cika shekara 800 a 2012.

7.0 Inda Haɗari Yake

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan tunani yana da gefensa mai cutarwa. Idan aka yi ta yabon abin da ya faɗi yana kan ganiyarsa, ana iya kai ga ƙawata mutuwa ita kanta. Wasan kwaikwayon Chikamatsu na 1703, a kan masoya biyu da suka kashe kansu tare a Sonezaki, ya yi farin jini ƙwarai, aka sami masu kwaikwayon abin a zahiri, har hukuma ta hana irin waɗannan wasanni a farkon shekarun 1720. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Yaƙin Duniya na Biyu, inda masu mulkin soja suka riƙa kwatanta samari da furen sakura mai zubewa. Rukunonin farko na matuƙa jiragen ƙunar baƙin wake a 1944 an ɗauko sunayensu daga wata waƙar Norinaga, mutumin da ya ce aikin adabi shi ne tausasa zuciya. Wannan ya nuna cewa alama mai kyau tana iya zama makami a hannun mai iko, don haka wajibi ne mai karatu ya riƙa tambayar wane ne yake yabon gajeren rai, kuma ran wane ne ake nufi.

8.0 Kwatanci da Adabin Hausa

Akwai wuraren da adabin biyu suka yi kama. Kamar yadda makafin Jafan suka yaɗa labarin Heike, haka makafi a ƙasar Hausa suka yaɗa Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne, kuma ruɗin duniya yana cikin manyan jigoginta. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi marsiyyoyi ga makusantanta, ciki har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, inda zafin rashi da miƙa wuya suke tafiya tare, kamar yadda aka gani wajen Issa.

Bambancin kuwa yana cikin inda kowanne ya dosa. Mawaƙin wa'azi na Hausa yana ambaton gushewar duniya ne don ya juya fuskar mai sauraro zuwa Lahira da hisabi, shi ya sa yake siffanta duniya da mayaudariya. Marubucin Jafan, ko da yana da nasa tunanin game da bayan mutuwa, yakan daɗe yana duban abin da ke gushewar, launinsa da ƙamshinsa da lokacinsa. Sai dai ko a ƙasar Hausa akwai irin wannan kallo a maganganun yau da kullum, a yadda tsofaffi suke zancen tsohuwar kasuwa ko ganuwar da ta zube. Fage ne da masu nazarin kwatancin adabi za su iya faɗaɗawa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda marubutan Jafan suka amsa tambayar da aka fara da ita ta hanyoyi daban-daban. Murasaki ta nuna asarar wanda bai ga na kusa da shi ba sai bayan ya tafi. Chomei ya gwada sakin duniya, ya kuma faɗi gaskiyar iyakar abin da ya iya. Mawaƙan Heike sun koyar da tausayin wanda ya faɗi, ko da abokin gaba ne. Issa ya ba mai baƙin ciki izinin ya yarda da ƙaddara yana kuma zubar da hawaye. Kawabata da Oe sun nuna cewa gudun rashi ba ya tsirar da kowa, ɗaukar nauyin wani ne yake ba kwanaki ma'ana. Babu ɗayansu da ya yi alkawarin cewa sanin gushewar duniya zai ɗauke zafin rabuwa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, tun da lokacin zama tare ƙidayayye ne, kula da mutum tun yana raye ya fi yabonsa bayan an binne shi.